Wuraren tarihi da al'adu na Daura

Daura gari ne kuma hedikwatar masarauta a arewa maso gabashin Jihar Katsina, kusa da iyakar Najeriya da Nijar. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi 5: Daura, Zango, Baure, Mai'adua da Sandamu. Hanyoyin Katsina, Kano da Damagaram suna haɗuwa a garin. Yawancin wuraren da baƙi ke ziyarta a Daura suna da alaƙa da labari guda, wato labarin Bayajidda da Magajiya Daurama, wanda ake dangantawa da asalin Hausa Bakwai.

Tsohon Birni

Tarihin baka ya nuna cewa mata ne suka fara sarautar wannan ƙasa, ana kiransu magajiyoyi. Mazauninsu na farko shi ne Tsohon Birni, wanda ke wajen garin Daura na yanzu. An ce Daurama ce ta taso da fadar daga can zuwa wurin da take a yau, kuma daga sunanta garin ya samo suna.

Rijiyar Kusugu

Kusugu ita ce wurin da ya fi shahara a Daura. A cewar labarin, wani maciji mai suna Sarki ya hana mutane ɗiban ruwa a rijiyar sai ranar Juma'a kaɗai. Da Bayajidda ya iso garin, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa bai samu ba. Cikin dare ya tafi rijiyar ya sare kan macijin. Sakamakon haka ya auri Daurama, suka haifi Bawo, wanda 'ya'yansa suka yi sarautar Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano. Biram ce ta bakwai, kuma ana danganta ta da wani ɗan Bayajidda.

A yau an kewaye rijiyar da gini, kuma har yanzu tana da ruwa. Masu ziyara, ciki har da ɗaliban makarantu, sukan saurari labarin daga bakin masu kula da wurin, wasu kuma su sha ruwan.

Fadar Kangiwa

Fadar Sarkin Daura, wadda ake kira Kangiwa, tana tsakiyar gari. Sarautar da ke cikinta ta sha bamban da ta yawancin manyan masarautun Arewa. A shekarar 1805, lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Isiyaku ya ci Daura, sarakunan Hausa suka fice suka kafa mazauni a Zango da Baure. A farkon ƙarni na 20 Turawan Ingila suka dawo da tsohon gidan sarauta, suka naɗa Malam Musa. Bayansa Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, sai Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, sannan aka naɗa Alhaji Umar Faruk Umar a 2007.

Bukukuwa

A lokacin Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah ana yin hawan dawaki, ciki har da Hawan Magajiya, wanda sunansa ke tunatar da matsayin mata a tarihin sarautar garin. Hakimai da 'yan rakiyarsu suna fitowa da dawakai masu kwalliya, ga algaita, kakaki da tambura, suna kai gaisuwa ga Sarki. Akwai kuma Sallar Gani da ake yi a watan Rabi'ul Awwal, lokacin Mauludi, wadda Daura ta yi suna a kanta.

Kewayen gari

Kasuwar Mai'adua da ke bakin iyaka tana ci mako-mako, kuma ta shahara wajen cinikin shanu, raƙuma da tumaki tsakanin fataken Najeriya da Nijar. A cikin garin Daura kuma akwai gidan tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari, wanda aka haifa a nan a 1942, aka kuma binne shi a gidan ranar 15 ga Yuli, 2025.

Ra'ayin masana

Masana tarihi ba su yi ittifaƙi a kan labarin Bayajidda ba. Wasu suna ganin yana nuni ne da shigowar baƙi da sauyawar sarauta daga hannun mata zuwa na maza. Wasu kuma suna ɗaukarsa a matsayin labarin da aka tsara daga baya don bayyana zumuncin da ke tsakanin ƙasashen Hausa. M. G. Smith ya yi nazarin tsarin mulkin masarautar a littafinsa The Affairs of Daura na 1978. Duk da wannan saɓani, labarin da ake bayarwa a bakin Kusugu shi ne wanda ake koya wa yara a makarantu a kan asalin Hausa Bakwai.