Rantsuwa a Bakin Daji



Akwai wata magana da muke ji daga bakin waɗansu samarinmu da suka yi karatu mai zurfi. Suna cewa nagarta da mugunta ba su da tushe a wajen mutum, al'ada ce kawai da yarjejeniya. Abin da jama'a suka yarda da shi, shi ne daidai a wurinsu, wata jama'a kuma da nata. Kafin mu ba su amsa daga Littafi, bari mu tambayi tarihin ƙasarmu ta kudancin Katsina, wato Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, gama an gwada wannan magana a can, da jini aka gwada ta.

Kakanninmu Maguzawa ba su san Attaura ba, ba su san Bishara ba. Duk da haka idan gardama ta ƙi ƙarewa tsakanin mutum biyu, sai a kai ga rantsuwa, har da aradu akan rantse, mai ƙarya kuwa jikinsa yakan yi sanyi. Musulmi yana dafa Alƙur'ani a gaban alƙali, Kirista kuma a kotu a miƙa masa Littafi Mai Tsarki. Me ya sa? Domin kowa ya sani bakin mutum biyu bai isa ya tsai da gaskiya ba, sai an kira Na uku wanda ya fi su, wanda ba ya cin hanci. Manomi da makiyayi sun daɗe suna zama a kan wannan. Shanu su yi ɓarna, mai gari da Arɗo su je gona su duba, a yanka diyya, a biya, a koma ana sayen nono.

Da satar shanu ta yi ƙamari a dajin Rugu da kewayensa, gwamnatin Aminu Bello Masari ta nemi sulhu. A farkon 2017 aka yi taron ajiye makamai a garin Ƙanƙara. Zaman lafiyar bai daɗe ba. A watan Satumba na 2019 Gwamna ya sake fita da kansa, ya zauna da 'yan bindiga a ƙasar Sabuwa da ta Faskari, aka yi alkawari. A watan Yuni na 2020 aka far wa Kadisau a ƙasar Faskari, aka kashe mutane da dama, Gwamna kuma ya fito fili ya ce an ci amanarsa. Sai daren Jumma'a, 11 ga Disamba 2020, aka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara aka kora yara cikin daji da ƙafa. Ran 17 ga wata aka sako yara 344.

Mutumin da aka ce shi ya jagoranci wannan aiki, Auwalun Daudawa, ya fito Gusau a watan Fabrairu na 2021, ya miƙa bindigogi, ya rantse da Alƙur'ani ba zai sake ba. Kafin watan Afrilu ya ƙare ya koma daji, a can kuma ya mutu a faɗa da wani gungun 'yan bindiga.

To, ku lura da kalmar da kowa ya yi amfani da ita: cin amana. Idan daidai shi ne abin da muka yarda da shi kawai, wanda ya janye yardarsa bai yi laifi ba, ya sāke ra'ayi ne kurum. Amma ba mu ji uwa ko ɗaya a ƙofar makarantar nan tana cewa, a ganina an yi ba daidai ba. Cewa suka yi an zalunce su, suna kiran Allah ya isa. Musulmi da Kirista bakinmu ɗaya ne a makon nan.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne su kansu mutanen dajin. Duk lokacin da aka zauna da su, ba su taɓa cewa zalunci abu ne mai kyau ba. Ƙara suke kawowa: an sace shanunsu, an nome burtali, 'yan sa kai sun kashe 'yan'uwansu a hanyar kasuwa ba shari'a. Waɗansu daga cikin ƙararrakin nan gaskiya ne, kada kuwa son kai ya hana mu faɗa. Bafulatanin da aka kashe don kamanninsa kaɗai, jininsa bai fi na ɗan makaranta arha ba, kuma mun ji kunya da muka ji waɗansu masu bi suna murna da irin wannan. Amma mai ƙarar da ya ce an zalunce shi ya riga ya yarda akwai mudu ɗaya da ke auna shi da abokin gabansa. Ba zai zo kasuwar Sheme ya sayi masara da babban mudu, ya sayar da ƙarami, ya ce ra'ayinsa ke nan ba. Wannan ne Manzo Bulus yake nufi a Romawa sura 2, inda ya nuna ko al'umman da ba a ba su Shari'a ba, lamirinsu yana ba da shaida a kansu.

A makarantar tauhidi an koya mana tsohuwar tambayar Aflatun, mutumin Girka: abu yana da kyau don Allah ya umarta, ko ya umarta ne don yana da kyau? Mu dai amsarmu ita ce mudun halin Allah ne kansa. Ba ya ƙarya, shi ya sa ƙarya laifi ce. Ya yi mutum cikin kamanninsa, shi ya sa ba a sa wa yaro kuɗi kamar ɗan maraƙi. Ba mu ce wanda bai gaskata da Allah ba ba ya iya aikin kirki ba, mun san masu yi. Tambayarmu ita ce, wa ya rubuta dokar da yake bi?

A 2025 an sake zaman sulhu a ƙananan hukumomi da dama na Katsina, har da Faskari, mutanen daji suka zo taro da bindigoginsu a kafaɗa. Ba mu raina mai neman sulhu ba, manomi yana so ya je gonarsa. Aka kawo ƙorafi daga kowane gefe, aka yi addu'a, aka sake ɗaukar alkawari da sunan Allah.