Ma'anar "Awon Igiya" da Asalinta

Idan ka je neman fili a bayan garin Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, musamman yanzu da rashin tsaro ya koro mutanen ƙauyuka zuwa cikin gari, za ka ji dillali ya ce: "Wannan awon igiya ne." Abin nufi, mai gona ne ya yayyanka gonarsa da kansa ya sayar don gini, ba hukumar tsara birane ce ta shata wurin ba. Kowane yanki shi ake kira fuloti, kalmar da muka aro daga Turanci.

Sunan ya samo asali ne daga igiya ta gaske. Ana auna ta da ƙafa ko da kamu, mutum biyu su ja ta a gaban mai unguwa da shaidu, a kafa turke a kowace kusurwa. Yau da tef ake awon, ƙafa 50 da 50 ko 50 da 100, amma sunan bai canza ba. Tun da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kalmar ta koma nufin filin da ba shi da takardar gwamnati.

Ka sani, igiyar ba ta haramta ciniki. Abin dubawa shi ne: mai sayarwa ya mallaki wurin? Sau da yawa gonar gado ce da ba a raba ba, maza su yanka su sayar, 'yan'uwansu mata da marayu ba su sani ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi tun daga ƙassai bakwai, Muslim kuma ya ruwaito tsinuwa a kan mai gusar da alamar iyaka.

Sai hanya, wadda masu yanka suka fi tauyewa don fuloti ya ƙaru. Annabi (SAW) ya hukunta kamu bakwai idan an yi saɓani a kanta, wajen ƙafa 11 ke nan. Da aka shata Kufa a shekara ta 17 bayan Hijira, zamanin Umar (RA), lungu ne aka ba kamu bakwai, manyan hanyoyi kuwa kamu 40.

Kafin ka biya, ka ga magada duka, ka taka iyakar da ƙafarka, a rubuta da shaidu, sannan ka bincika ko hukuma ta ware wurin don titi ko makaranta. Wallahu a'alam.