Sakar wa Bankuna Mara a Nijeriya, 1986 zuwa 2011: Wa Ya Ɗauki Asarar?

Sakar wa kasuwa mara ya shigo Nijeriya a 1986 ta shirin gyaran tattalin arziki na SAP na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida. A watan Satumba na shekarar aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗaɗen waje, a watan Agusta na 1987 aka cire wa kuɗin ruwa linzami, aka kuma sassauta sharuɗɗan ba da lasisin banki. Hujjar da aka kafa sananniya ce ga masu nazarin fannin (McKinnon, 1973, Shaw, 1973): idan gwamnati ta daina danne kuɗin ruwa, jama'a za su ƙara ajiya, bankuna su ƙara ba da bashi ga sana'o'i masu riba. Bankunan da ba su wuce 40 da 'yan kai ba a 1986 sun kai kusan 120 a 1992.

Abin da ya biyo baya, wato durƙushewar bankuna da dama, babu gardama a kansa. Gardamar tana kan sanadi. Akwai ra'ayin da ya samu gindin zama tun bayan rahoton Bankin Duniya na 1994 kan gyaran tattalin arziki a Afirka, wanda ke cewa maganin ba shi da laifi, mara lafiyar ne ya sha rabi ya zubar da rabi. Masu ɗora wannan ra'ayi a kan Nijeriya suna nuni da cewa gwamnati ta dawo da iyaka a kan kuɗin ruwa a 1991, ta cire, ta sake dawo da ita a 1994. Kuma daga 1994 zuwa 1998 ta ɗaure farashin dala na hukuma a kan kimanin naira 22 alhali a hannun 'yan canji ta haura naira 80. A ganinsu, wannan kwan-gaba-kwan-baya na rashin tabbas shi ya lalata bankuna.

Dole a ba wannan hujja haƙƙinta, domin tana da ƙarfi. Lewis da Stein (1997) sun nuna cewa yawancin sababbin bankunan ba don karɓar ajiya da ba da bashi aka kafa su ba. Lasisin banki shi ne ƙofar samun dala a farashin hukuma, a juya a sayar da ita a kasuwar bayan fage, a wurare irin su Wapa a Kano. Da babu farashi biyu, da wannan ciniki bai samu ba. Zuwa nan masu wancan ra'ayi suna da gaskiya.

Sai dai hujjar ta tsallake tambayar jerin lokaci. An buɗe ƙofar lasisi a 1987. Hukumar inshorar ajiya ta NDIC sai a 1988 aka kafa ta, ta fara aiki a 1989. Ƙa'idojin tantance bashin da ya ƙi biyuwa sai a 1990 suka fito, sabuwar dokar bankuna kuma sai a 1991. Wato an saki dokin kafin a ɗinka ragama. Wannan ba kuskuren aiwatarwa ba ne kawai, yana cikin tunanin da aka gina shirin a kansa, wanda ya ɗauka cewa gasa da kanta za ta ladabtar da banki mara gaskiya. Gasa tana ladabtarwa ne idan mai saye yana ganin abin da yake saye. Mai sayen hatsi a Dawanau yana cusa hannu cikin buhu ya duba. Mai ajiya ba ya ganin littafin bashin banki. Abin da yake gani shi ne ginin gilashi da alƙawarin ruwa mai tsoka, kuma bankin da ya fi kusa da durƙushewa shi ne yakan fi kowa ɗaga wannan alƙawari.

A watan Janairu na 1998 aka soke lasisin bankuna 26 a rana ɗaya. Iyakar abin da inshora ke biya kowane mai ajiya a lokacin naira 50,000 ce, adadin da aka yanka tun 1988. A shekarar da aka yanka shi ya fi dala 10,000. A 1998 da ƙyar ya kai dala 600 a farashin kasuwa, bayan hauhawar farashin da ta haura kashi 70 cikin ɗari a 1995. Ɗan fanshon da ya zuba kuɗin sallamarsa gaba ɗaya, ko ƙungiyar gama kai da ta tara kuɗin mambobinta a asusu guda, sai su karɓi wannan ɗan abin, ragowar kuma su jira a sayar da kadarorin banki, jiran da ya ɗauki wasu shekaru masu yawa. Manyan masu ajiya da ke da kunne a cikin banki galibi sukan kwashe nasu kafin a garƙame ƙofa.

Game da ma'aikata, ya kamata a rage faɗin iƙirarin zuwa abin da shaida za ta iya ɗauka. An saba jingina mutuwar masaƙun Kakuri a Kaduna da na Sharaɗa da Bompai a Kano ga buɗe iyaka, musamman ɗage haramcin shigo da yadi a 1997. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi baya a 2007. Amma rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, tsufan injuna da fasa-ƙwauri duk suna da hannu, kuma Andrae da Beckman (1998) sun nuna cewa masana'antar ta ɗan farfaɗo a wasu shekarun SAP. Raba wa kowane sanadi kasonsa abu ne mai wuya. Don haka bayanin nan zai tsaya a kan bankuna, inda sawun ya fi fitowa fili.

Zagaye na biyu na sakin mara shi ne ya fi raunana ra'ayin masu cewa maganin ba shi da laifi. A 2001 aka rushe katangar da ke tsakanin aikin banki da sauran harkokin kuɗi, aka yarda banki ɗaya ya karɓi ajiya, ya yi dillancin hannun jari, ya shiga inshora. A watan Yuli na 2004 gwamnan Babban Banki, Charles Soludo, ya ɗaga mafi ƙarancin jarin banki daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005. Za a iya cewa wannan ƙara tsanani ne, ba sassauci ba. Haka ne ta fuskar girman jari. Amma abin da banki zai yi da jarin an bar shi a sake, kuma a 2006 tazarar farashin dala tsakanin hukuma da kasuwa ta kusa shafewa, kuɗin ruwa kuma an sake shi tun 1996. Uzurin farashi biyu ya kau, amma cutar ta dawo.

Yadda ta dawo ya cancanci a dube shi da kyau. Domin tara jari, bankuna sun tura ma'aikatansu da fom cikin kasuwanni da ma'aikatu, har rumfunan Kantin Kwari da ofisoshin malaman makaranta. Wanda bai taɓa jin sunan kasuwar hannun jari ta Legas ba sai ga shi ya sa hannu, ya ninke takardar shaida ya ajiye a ƙasan akwati tare da takardar fili. Wanda ba shi da kuɗi a hannu banki ya ba shi bashi ya sayi hannun jari, jinginar kuma ita ce hannun jarin kansa. Muddin farashi na hawa, kowa na murmushi. Ma'aunin kasuwar ya kai ƙololuwa a watan Maris na 2008, sama da maki 66,000. Zuwa ƙarshen 2009 yana kusan 21,000. Jinginar ta narke, bashin yana nan daram da ruwansa.

Masu kare sakin mara sukan ɗora wannan a kan rikicin kuɗi na duniya na 2008. Janyewar masu jarin ƙasashen waje da faɗuwar farashin ɗanyen mai sun taimaka, babu shakka. Amma faɗuwar ta fara watanni shida kafin rushewar Lehman Brothers a Amurka. A laccar da ya gabatar a Jami'ar Bayero a watan Fabrairu na 2010, gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya bayyana yadda wasu shugabannin bankuna suka yi amfani da kuɗin masu ajiya wajen sayen hannun jarin bankunansu don kumbura farashi, ya kuma amsa cewa sa idon Babban Banki ya gaza. Shi ne a watan Agusta na 2009 ya sauke shugabannin bankuna biyar a tashin farko, kuɗin ceton da aka zuba kuma ya kai naira biliyan 620.

A wannan zagaye masu ajiya sun tsira, kuma adalci ne a faɗi haka. Nauyin ya koma kan wasu. A watan Agusta na 2011 aka soke lasisin Afribank, Spring Bank da Bank PHB, aka miƙa kadarorinsu ga sababbin bankuna a ƙarƙashin AMCON, hukumar da ke sayen basussukan bankuna da suka ƙi biyuwa. Masu hannun jari, manya da ƙanana, suka tashi babu ko kwabo. Babban attajiri yana da jari a wurare goma, malamin firamare kuwa wannan takarda guda ita ce dukiyarsa. Ma'aikatan banki su ma kowace haɗaka ta zo musu da sallama, kuma guraben da suka rage da yawa sun koma hannun kamfanonin ɗaukar ma'aikatan kwantiragi, masu aiki iri ɗaya a kan albashi ƙasa da na takwarorinsu, tare da adadin ajiyar da aka ɗora musu su kawo kowane wata. A 2010 Babban Banki ya soke tsarin da aka shigo da shi a 2001, ya sake gina katangar, NDIC kuma ta ɗaga inshorar ajiya zuwa naira 500,000, adadin da bai motsa ba sai a 2024, lokacin da aka kai shi naira miliyan 5.