Wa ya fara ƙirga gwaji? Amsa ga ƙanena na Ƙofar Marusa

Jiya bayan Isha'i muna zaune wurin mai shayi a Ƙofar Marusa, wani ƙanena mai karatun kwamfuta ya bugi ƙirji ya ce wai layin nan da kayan gwajin manhaja ke fitarwa a ƙarshe, gwaji kaza aka yi, kaza sun wuce, kaza sun faɗi, mutanen Java ne suka ƙirƙiro shi da JUnit. Har ya ƙara da cewa kafin nan da ido kowa ke duba aikinsa. Na ƙyale shi, don ba a gardama da bakin da ke cike da burodi. To ƙanena, a gaban jama'a ka faɗa, a gaban jama'a zan ba ka amsa.

JUnit ta zo a 1997. Perl ta fito ranar 18 ga Disamba 1987, kuma tun ranar tana ɗauke da gwaje-gwajenta da ɗan shirin da ke ƙirga su. Shekara goma ce tsakani.

Mai Perl, Larry Wall, mutum ne da ba na gajiya da labarinsa. Ilimin harsuna ya karanta, shi da matarsa, a Berkeley ta Amurka, da niyyar su nemi wani harshe da ba a taɓa rubutawa ba, mai yiwuwa a Afirka, su tsara masa haruffa saboda aikin mishan. Tafiyar ba ta yiwu ba, sai ya ƙare yana tsara wa kwamfuta harshe. Ina ganin wannan kunnen na masanin harshe ne ya sa tsarin rahotonsa ya fito kamar maganar mutum. Kowane gwaji layi ɗaya yake bugawa: "ok 1", "ok 2", in abu ya ɓaci "not ok 3". Shi ke nan. Wani shirin daban yana gefe yana karanta layukan yana haɗa lissafi.

Amma hikimar tana layin farko. Kafin a yi ko gwaji ɗaya, fayil ɗin zai fara buga "1..10", wato ya yi alkawarin gwaji goma zai kawo. Ku dubi dalili. A ce shirin ya mutu bayan gwaji na bakwai. Bakwai ɗin nan duk sun wuce, babu "not ok" ko ɗaya a allo. Mai ƙirga waɗanda suka faɗi kawai zai ce sifili, lafiya lau, a ci gaba. Mai riƙe da alkawarin farko kuwa zai tsaya ya ce goma aka ce mini, bakwai na gani, ina ukun?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar zaɓe ya san wannan lissafin. Ana fara sanin adadin waɗanda aka tantance, sannan a zube akwati. Ƙuri'un da suka yi kyau da waɗanda suka lalace, in aka haɗa, dole su yi magana da adadin farko, in ba haka ba wakilan jam'iyyu su tayar da jijiyar wuya. Bafulatani ma ya san shanunsa nawa kafin ya fita kiwo, ba sai ya dawo ruga ba. Wall ya saka wannan a manhaja tun 1987 da alama biyar kacal.

Ni kaina na sha wuyar rashinsa. Bara wani ɗalibi ya kawo mini aikinsa na kammala digiri in duba, a wani shagon kwamfuta nan unguwarmu. Allo kore shar, gwaji 47 sun wuce, yaro sai murmushi. Na tambaye shi nawa ya rubuta, ya ce bai ƙirga ba. Muka ƙirga da hannu muka sami 59. Ashe ya sauya wa fayil ɗaya suna ya cire "test_" daga farko, pytest kuwa, manhajar gwajin da yake amfani da ita, da wannan sunan take gane fayilolin gwaji, sai ta wuce shi shiru. Laifin ma ba nasa kaɗai ba ne, sau biyu ina duba aikin a makon ban lura ba. Da muka gyara sunan, huɗu daga cikin sha biyun nan ja suka fito.

Kada ku ɗauka mutanen Perl duk sun yarda da abin. Sun yi shekaru suna rigima a kai. Wasu sun ce wahala ce, duk sanda ka ƙara gwaji sai ka koma sama ka gyara lamba, in ka manta kuma shirin ƙirgar ya hau kanka alhali manhajarka lafiyarta ƙalau. Test::More ta Michael Schwern ta ba malalata hanyar cewa babu alkawari, daga baya a 2009 aka kawo done_testing, wadda ke buga adadin a ƙarshe, ta yadda in shiri ya mutu a hanya za a gane bai kai ƙarshe ba. Sulhu ne mai kyau, amma ni har gobe ina ɓangaren masu rubuta lambar a sama. Tsarin nan na Wall, da aka raɗa wa suna TAP daga baya, shi gwaje-gwajen Git ke fitarwa yau, kuma wani reshensa na cikin gwajin zuciyar Linux. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau hasumiyar Gobarau ba zai hango ba.

Yanzu bari in ba JUnit haƙƙinta, kada a ce na yi son kai. Kent Beck ya fara da SUnit a Smalltalk, ya rubuta bayaninta a 1994. A 1997 shi da Erich Gamma suka hau jirgi daga Zurich zuwa Atlanta don taron OOPSLA, a cikin jirgin suka rubuta JUnit. Abin da suka yaɗa shi ne sandar nan kore ko ja, da raba faɗuwa gida biyu: gwajin da ya duba ya ga amsa ba daidai ba, da gwajin da ya yi tuntuɓe ya kife tun kafin ya kai ga dubawa. JUnit 4 a 2006 ta haɗe su wuri ɗaya a nata rahoton, amma manhajojin Ant da Maven, masu gudanar da gwajin Java, suka ƙi saki, shi ya sa har yau kake ganin gurbi huɗu a Maven: adadin da aka gudanar, waɗanda suka faɗi, masu kuskure, da waɗanda aka tsallake. Gurbin ƙarshen nan ku riƙa kallonsa, nan ake ɓoye gawa.

 

Sauran tarihin a gurguje. PyUnit ta Steve Purcell ta shiga Python 2.1 a 2001 da sunan unittest. pytest ta Holger Krekel ta biyo baya. JUnit 5 ta fito a 2017. Ita unittest ɗin ta yi sama da shekara ashirin tana cewa ta gudanar da gwaji 0 sannan ta buga "OK" a ƙasa, kamar malamin da ba ɗalibi ko ɗaya a ajinsa ya rubuta cewa kowa ya ci jarrabawa. Sai a Python 3.12, a 2023, aka sa ta riƙa fita da lamba 5, alamar akwai matsala, in ba ta sami gwaji ba, abin da pytest ta daɗe tana yi.

Ƙanena, shayin jiya ni na biya. In kana da hujjar da ta girmi Disambar 1987, kawo ta yau bayan Isha'i, in kuwa babu, na yau kanka ne, har da ƙwai.