Hanyar Saƙo a Yammacin Zamfara: Daga Manzanni zuwa Turakun Sadarwa

Tun zamanin da sarautar Zamfara ta zauna a Anka, bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, masu mulkin wannan yanki sun san cewa saƙon da ya dogara ga hanya guda yana cikin haɗari, domin damina tana cika gulbi, mahara kuma suna tare daji. Saboda haka labari tsakanin Anka da Bukkuyum da Gummi yakan bi manzon sarki, ya kuma bi fatake da 'yan kasuwa, ta yadda in ɗaya ya makara ɗaya zai isa. Jakadu kuwa, wato wakilan da masu sarauta ke ajiyewa a garuruwa, su ne idon fada, suna sanar da ita halin ƙasar da ba ta gani.

Waɗannan buƙatu biyu, hanyar ko-ta-kwana da sa ido daga nesa, su ne injiniyoyin kwamfuta suka sake fuskanta bayan Robert Metcalfe da abokan aikinsa sun ƙirƙiro Ethernet a kamfanin Xerox a 1973, wato tsarin haɗa kwamfutoci da waya domin su yi musayar bayanai. Na'urar da ke rarraba bayanan, wadda ma'aikata ke kira suwic, tana da wani rauni: in aka haɗa irinta da wayoyi biyu don gudun tsinkewa, saƙo yakan yi ta kewayawa ba iyaka har layin ya cushe. Radia Perlman ce ta warware matsalar a 1985 da wata ƙa'ida da ke sa na'urorin su toshe hanya ta biyu da kansu, su ajiye ta, kada su buɗe ta sai ta farko ta yanke. A 1988 kuma aka fitar da ƙa'idar SNMP, wadda ke ba injiniyan da ke zaune a wani birni damar ganin zafin na'ura da yawan bayanan da ke ratsa ta da kuma ƙofar da ta daina aiki.

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, sannu a hankali kuma turakun sadarwa suka isa yammacin Zamfara. Duk wanda ya leƙa gindin irin wannan turke zai ga shinge da janareta da batura da akwatin ƙarfe mai ɗauke da na'urori, a sama kuma ga faifai mai kamar ganga yana fuskantar turke na gaba. Abin damuwar shi ne a karkara sau da yawa turakun a jere suke, kowane yana karɓa daga na gabansa, don haka mutuwar guda kan ɗauke sabis daga duk garuruwan da ke bayansa, alhali da an haɗa su zobe, da saƙo ya juya ta ɗaya ɓangaren. Sa ido daga nesa ma yana da iyakarsa, domin allon injiniya zai nuna cewa man janareta ya ƙare, amma dole mutum ya ɗauko man ya bi hanyar da 'yan bindiga suka addaba.

A farkon Satumban 2021 yankin ya gamu da katsewar da babu wata dabarar injiniya da za ta hana, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su rufe layuka a faɗin jihar bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, da nufin raba 'yan bindiga da masu ba su labari. Kowace irin hujja aka kawo ta fuskar tsaro, talaka ne ya fi ɗanɗana kuɗarta: masu POS suka rufe, aiken kuɗi ya tsaya, ƙauyen da aka kai wa hari ya rasa yadda zai nemi agaji. Jama'a suka koma rubuta wasiƙa suna danƙa wa direbobi a tasha, masu hali kuma suka riƙa ƙetarawa maƙwabtan jihohi don su yi kira guda, sai dai Katsina da Sakkwato ma sun rufe layuka a wasu ƙananan hukumominsu a wannan watan. An maido da sabis a Gusau a farkon Oktoba, sauran sassan jihar kuwa sai ƙarshen Nuwamba gwamnati ta ba da sanarwar buɗe musu layi.