Amon Kalma da Ma'anarta

Da Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato cikin 1809, harsuna uku suka zauna wuri guda: Hausa a kasuwa, Fillanci a gidajen malamai, Larabci a kan allo da littafi. Baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Bahrul Muhiɗ a kan nahawu, da Hisnur Rasin a kan sarfu. Nana Asma'u kuwa ta yi waƙoƙi da dukkan harsunan nan uku.

Mai jin harsuna uku ba ya rasa lura da wani abu. Bahaushe ya ce girgiza, Balarabe ya ce zalzala. Ba aro tsakaninsu, amma kowa ya maimaita gaɓa, don abin da kansa kai da komowa yake yi. Haka ƙwanƙwasa.

Maganar ta girmi Sakkwato nesa. Ibnu Jinni, mutumin Mausil wanda ya rasu cikin 1002, ya ware mata babi a littafinsa Alkhasa'is. Ya nuna Larabawa kan ce khadama ga cin abu mai taushi irin kankana, ƙadama ga cin busasshe. Harafi mai laushi ga mai laushi, mai ƙarfi ga mai tauri. Wanda ya taɓa jin goro garas-garas a baki, ko tuwo luɓus, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Turawa sun gwada abin daga baya. Cikin 1929 wani masani a Amurka, Edward Sapir, ya ƙaga kalmomi biyu, mil da mal, ya tambayi mutane wanne ne babban tebur. Galibinsu suka zaɓi mal. To, a dubi mitsitsi, a dubi fankameme. Baki kan tsuke wajen faɗin na farko, ya wangame wajen na biyu.

Amma a yi hattara, kama ba ta nuna zumunta. Alhudahuda aro ne daga hudhud na Larabci, har da al ɗinsa. Rumawan dā kuwa upupa suke kiran tsuntsun, su daga kukansa suka ɗauka. Galibin kalmomi ma ba ruwansu da amo: ba abin da ya haɗa doki da haniniya.

 Da Turawa suka ci Sakkwato cikin 1903, injuna suka biyo baya, har da wani keke mai inji da mutane suka kira babur.