Bajon Ƴan Wasa a Kwalin Sigari

Tsakanin 1910 da 1912, wanda ya sayi sigarin Sweet Caporal a Amurka yakan samu gyara: ɗan bajo zagayayye, bai kai inci ɗaya ba, da allura a bayansa don maƙalawa a riga. A fuskarsa akwai hoton ɗan wasan besbol, da sunansa da na ƙungiyarsa. Cikinsu har da gwanayen zamanin, irin su Ty Cobb, Christy Mathewson da Walter Johnson.

Dabarar ta girmi bajon. Tun a shekarun 1880 kamfanoni kamar Allen & Ginter ke saka kati mai hoto a kwali, don ya tokare karan sigari kada ya karye, ya kuma jawo mai saye. A 1896 kamfanin Whitehead & Hoag na birnin Newark ya yi rajistar fasahar bajo mai rufin seluloid, abin da ya sa bugawa ta yi araha. Kamfanin American Tobacco, wanda James Buchanan Duke ya kafa a 1890, shi ne mai Sweet Caporal, kuma ya ga riba a nan: kati aljihu yake shiga, bajo kuwa a ƙirji yake yawo, kowa na gani.

To, wa ya fi kwaɗayin hoton ɗan wasa? Yara ne. Mai son tara dukkan fuskokin dole ya yi ta bin kwalaye, ko ya yi ta roƙon mashaya. Ta haka sunan taba ke shiga kan yaro tun bai kunna kara ko ɗaya ba.

Honus Wagner na ƙungiyar Pittsburgh ya hana a ci gaba da buga katinsa na taba da aka fara a 1909. Wasu sun ce yara yake karewa, wasu sun ce kuɗi ne ba a daidaita ba. Kaɗan suka fita, shi ya sa a 2022 aka sayar da guda ɗaya dala miliyan 7.25.

A 1911 Kotun Ƙolin Amurka ta ba da umarnin wargaza American Tobacco saboda mamaye kasuwa. Bajon ya ɓace daga shaguna, ya koma hannun masu tara kayan tarihi. Amma dabarar haɗa taba da wasanni ta daɗe bayansa, don sai a Janairun 1971 aka daina tallar sigari a rediyo da talbijin na Amurka.